Shin baje kolin E3 ya cancanci muƙala tasa, kuma kowace shekara da tata?

Ɗan Zazzau ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa editocin Wikipedia ta Hausa. Ina neman shawararku a kan wani lamari da ya tsaya mini a rai kusan mako biyu ke nan, kuma na fi son a tattauna shi a fili da a bar shi tsakanina da mutum guda.

Tun bara nake rubutu a fannin wasannin bidiyo, saboda na lura ɓangaren kusan fayau yake a sashenmu, alhali kuwa da wuya ka ratsa unguwa a Zariya ko Kano ba ka ga gidan gem cike da samari suna jiran layi ba. Na fara da kamfanoni, wato Nintendo da Sega da Sony, sannan na koma kan na'urorinsu. To, sau da yawa idan na ɗauko tarihin wata na'ura sai in tarar an ce a E3 aka nuna ta ga duniya, ko kuma a can aka bayyana farashinta. Ga wanda bai sani ba, E3, wato Electronic Entertainment Expo, baje koli ne da masu sana'ar wasannin bidiyo suka riƙa yi shekara-shekara a Amurka tun daga 1995, galibi a birnin Los Angeles. Na ƙarshe da aka haɗu ido da ido shi ne na 2019, na 2021 ta intanet kaɗai aka yi shi, sannan a watan Disamba na 2023 masu shirya shi suka sanar da cewa an rufe shi baki ɗaya.

Na rubuta muƙala guda a kan baje kolin kansa. Da na ga a sashen Turanci wasu shekarun suna da shafukansu daban, sai na buɗe na 2018 da na 2019, da niyyar in bi sauran a hankali. Ban kai ga na gaba ba sai na tarar an liƙa wa dukkan muƙalun uku alamar neman gogewa, bisa dalilin cewa talla ce ta 'yan kasuwa, kuma taron ma ya riga ya mutu. Tambayata kashi biyu ce. Shin baje kolin da ake yi don sayar da kaya ya cancanci shiga insakulofidiya tun asali? Idan kuwa ya cancanta, shin kowace shekara tana da haƙƙin samun shafinta, ko kuwa a tattara su wuri guda? Ba na jin kunyar a ce na yi kuskure, sai dai ina son in san inda kuskuren yake kafin in ƙara ɓata dare a kan aikin da za a share da safe.

Bakatsine ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Zazzau, kuma ka kyauta da ka kawo maganar nan fili. Tambayarka ta farko ita ce mai sauƙi, don haka bari in fara sauke ta.

Mutuwar taro ba hujja ba ce ta goge muƙalarsa. Ƙa'idar cancanta da ake bi a Wikipedia ba ta tambayar ko abu yana nan da ransa. Abin da take nema shi ne majiyoyi amintattu, waɗanda ba na masu abin ba, su kasance sun yi magana a kansa da zurfi, kuma idan abu ya cika wannan sharaɗi to ya cika shi ke nan, ba ya komawa baya. Da a ce mutuwa tana soke cancanta, da sai mu share rabin muƙalun tarihin da muke da su, mu fara da daulolin da suka shuɗe. Haka nan kasancewar abu na kasuwanci bai mayar da rubutu a kansa talla ba. Salon rubutun ne ke zama talla, wato lokacin da aka cika shi da kirari aka ɓoye aibi, kuma maganin wannan gyara ne, ba gogewa ba.

Abin da ya sa nake ganin E3 ya wuce matsayin kasuwar wucin gadi shi ne yadda aka haife shi. Kafin 1995 masu wasannin bidiyo a Amurka ba su da baje kolinsu, suna raɓe ne a baje kolin kayan lantarki na CES da ake yi a Las Vegas da Chicago, inda masu talabijin da rediyo suka mamaye tsakar gida, su kuma a tura su ƙurya. Tom Kalinske, wanda ya shugabanci reshen Sega na Amurka, ya sha ba da labarin shekarar da aka ajiye su a cikin tanti a waje, ruwan sama ya yi ta yoyo a kan sabuwar na'urarsu. Ana cikin wannan hali, a watan Disamba na 1993 majalisar dattawan Amurka, da jagorancin sanatoci Joe Lieberman da Herb Kohl, ta zauna sauraron ƙorafi a kan zubar da jini a wasanni irin su Mortal Kombat, kamfanonin kuwa suka gane cewa idan ba su sa wa kansu linzami ba gwamnati za ta sa musu. A 1994 suka kafa ƙungiyar kamfanonin wasanni ta IDSA, wadda ta koma ESA a 2003, suka kuma samar da hukumar ESRB mai tantance wasanni bisa shekarun masu bugawa. Wannan ƙungiya ce ta tsaya wa E3 na farko, wanda aka buɗe ranar 11 ga Mayu, 1995 a babban zauren taro na Los Angeles, mutane fiye da 40,000 suka halarta. Ashe ke nan baje kolin shi ne ranar da masana'antar ta tashi daga gidan haya ta tare a nata gidan, kuma ba za ka iya ba da tarihinta ka tsallake shi ba. Manyan jaridun Amurka da BBC sun yi ta kawo rahotonsa tsawon shekaru, da aka rufe shi ma jaridar Washington Post ce shugaban ESA, Stanley Pierre-Louis, ya yi wa bayanin dalili. Wannan muƙala ta tsaya, ba ni da shakka.

A tambaya ta biyu ne zan saɓa maka. An yi E3 sau 25 ido da ido tsakanin 1995 da 2019, ga kuma na intanet a 2021, ya zama 26. Idan muka ce kowane da shafinsa, mun ɗora wa kanmu muƙalu 26 da kowace take buƙatar mai kula da ita, mu kuwa nan ba mu da hannayen da sashen Turanci yake da su. Ka dubi kasuwar baje koli ta duniya da ake ci a Kaduna fiye da shekaru 40: babu mai musun cewa ta cancanci muƙala, amma ban taɓa jin wanda ya ce a buɗe wa kowace shekararta shafi ba, saboda mafi yawan shekarun labarinsu ɗaya ne, an buɗe, manya sun yi jawabi, an yi ciniki, an watse. Shawarata ita ce ka faɗaɗa babbar muƙalar, ka raba ta bisa zamani maimakon bisa shekara. Akwai zamanin kafuwa, wanda ya haɗa da shekaru biyun da aka kai taron Atlanta a 1997 da 1998. Akwai zamanin bunƙasa da ya kai ƙololuwa a 2005 da mahalarta kusan 70,000. Akwai shekarun 2007 da 2008 da kamfanoni suka koka da tsadar rumfuna aka tsuke taron ya koma na gayyata kawai, har aka kai shi Santa Monica a 2007, mahalarta suka faɗo zuwa kimanin 10,000, sannan 5,000 a shekarar da ta biyo. Sai farfaɗowa daga 2009, sai kuma gangarar ƙarshe. Mai karatu zai fi ganin yadda abin ya tashi ya faɗi idan yana kallonsa a shafi guda.

Mai Jan Biro ya amsa:

Assalamu alaikum. Ni ne na liƙa alamar, don haka ya wajaba in fito in kare abin da na yi, in kuma janye abin da ba zai karu ba.

Malam Ɗan Zazzau, ka yi mini afuwa a kan babbar muƙalar. Na haɗa ta da sauran biyun ne a cikin gaggawa, kuma bayan bayanin Malam Bakatsine na cire alamar da hannuna. Maganar cewa taron ya mutu ma ban kyauta ba da na kawo ta. Amma a kan muƙalun 2018 da 2019 ina nan kan bakana, kuma dalilina ya ɗan bambanta da na Malam, domin shi yana maganar ƙarancin hannaye ne, ni kuwa ko da muna da editoci dubu ba zan so su a yadda suke ba.

Na karanta su daga sama har ƙasa. Kowace ta fara da jimla biyu a kan ranar buɗewa da yawan mahalarta, 69,200 a 2018 da 66,100 a 2019, daga nan sai dogon jadawali na sunayen kamfanoni da wasannin da kowane ya nuna, kusan duk da Turanci, saboda sunan wasa ba ya fassaruwa. Idan ka cire jadawalin, Hausar da ta rage ba ta cika tafin hannu ba. Wannan ba muƙala ba ce, takardar shirin biki ce, kuma an daɗe da yin ittifaƙi cewa Wikipedia ba kundin jerin kaya ba ce, ba kuma jarida ba ce da za ta adana duk abin da aka sanar.

Abin da ya fi damuna shi ne majiyoyin. A makon E3 ana buga rahotanni dubbai, wanda ya gani sai ya ɗauka ai cancanta ta tabbata, alhali idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya za ka tarar mafi yawansu sanarwar kamfani ce aka sauya wa riga. Kamfani ne ya kama zaure, shi ya gayyaci 'yan jarida, shi ya zaɓi mintunan da za a nuna musu, shi ya gindaya musu lokacin da za su buga labarin. Rahoto ɗari da suka fito daga baki guda ba majiyoyi ɗari ba ne. Ban ce 'yan jaridar wasanni ba su da gaskiya ba, akwai masu bincike na ƙwarai a cikinsu, amma rubutun da aka yi a daren taro da wanda aka yi bayan shekara biyar ba nauyinsu ɗaya ba.

Sannan ku tuna cewa abin da ake faɗa a kan dandamalin E3 alkawari ne, ba aukuwa ba. A 2014 Microsoft ya nuna wasan Scalebound da gagarumin biki, a watan Janairu na 2017 aka soke shi bai taɓa shiga kasuwa ba. Sony ya nuna The Last Guardian a 2009, bai fito ba sai Disamban 2016, kuma a kan wata na'ura dabam da wadda aka yi alkawarinsa a kanta. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Duk wanda ya rubuta jadawalin shekara ya ɗauki nauyin bin kowane layi ya gyara shi idan alkawarin ya tashi, in ba haka ba shafin zai ci gaba da faɗa wa ɗalibi abin da bai faru ba. Labarin sanar da wasa muhallinsa muƙalar wasan ce, labarin farashin na'ura kuma muƙalar na'urar. Idan an kai kowane gidansa, me ya rage wa shafin shekarar?

Malama Ta Damagaram ta amsa:

Assalamu alaikum, malamaina. Na yarda da mafi yawan abin da kuka faɗa, sai dai ina tsoron kada mu gudu daga wata matsala mu faɗa wa kishiyarta, mu kafa dokar cewa babu shekarar E3 da za ta taɓa samun shafi. Malam Mai Jan Biro ya yi tambaya mai kyau, cewa me ya rage idan an kai kowane labari gidansa, ni kuwa amsata ita ce a wasu shekarun abin da ya rage shi ne ainihin labarin, domin abin da ya faru bai faru ga kamfani ɗaya ba, ya faru ne tsakanin kamfanoni biyu a gari guda a yini guda.

Ku dubi 1995. Sega ya riga ya sanar cewa na'urarsa Saturn za ta shiga kasuwar Amurka ranar 2 ga Satumba. Sai Kalinske ya hau dandamali a ranar farko ta taron ya ce ai an riga an kai ta wasu zaɓaɓɓun kantuna, a je a saya yau a kan dala 399, da nufin ya riga Sony shiga kasuwa. Da aka zo jawabin Sony, aka kira shugaban reshensa na Amurka, Steve Race, ya tako zuwa abin magana, ya ce 299, ya juya ya koma mazauninsa, zaure ya kaure da tafi. Ya nufi farashin PlayStation ke nan, dala 100 ƙasa da na abokin hamayya. Gaggawar Sega kuwa ta jawo masa fushin kantunan da aka tsallake, har kantin kayan wasan yara na KB Toys ya ƙi ɗaukar na'urar, ga shi kuma wasannin da suka shirya ba su taka kara sun karya ba. PlayStation ta fito ranar 9 ga Satumba ta yi gaba, Sega kuma, bayan ƙarin wahalhalu da ba na wannan rana kaɗai ba, ya daina ƙera na'urori a 2001. Idan ka raba wannan labari gida biyu, rabi a muƙalar Saturn rabi a ta PlayStation, ka kashe shi, tamkar ka ba da labarin dambe amma ka ambaci ɗan dambe ɗaya. Kuma ba rahoton daren taro kaɗai ke riƙe da shi ba, littattafan tarihin masana'antar da hirarrakin da aka yi da waɗanda suka halarta suna ta komawa kansa har yau.

Haka 2013. Microsoft ya zo da Xbox One a kan dala 499, tare da sharaɗin cewa dole na'urar ta leƙa intanet aƙalla sau ɗaya a kowane awa 24, da kuma takunkumi a kan aron faifai da sayar da wanda aka yi amfani da shi. Mu da muka san yadda sabis yake ɗaukewa kwana da kwanaki, muka kuma san cewa faifai ɗaya kan zaga gida biyar a unguwa, ba sai an yi mana dogon bayani a kan nauyin wannan sharaɗi ba. A yammacin wannan rana, 10 ga Yuni, Jack Tretton na Sony ya tsaya ya ce PlayStation 4 ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa, aka kuma sanar da cewa dala 399 ce, suka ƙara da wani ɗan gajeren bidiyo na zolaya inda wani jami'insu ya miƙa wa wani faifai hannu da hannu a matsayin koyar da yadda ake ba da aro. Ranar 19 ga Yuni, kwana 9 kacal, Microsoft ya janye manufofin nasa. Wannan aukuwa ce mai sanadi da sakamako, ta shafi haƙƙin mai saye a kan abin da ya saya, kuma an ci gaba da nazarinta bayan ƙurar ta lafa.

Don haka ma'aunin da nake ba da shawara shi ne a tambayi kowace shekara: bayan an kwashe rumfuna, shin akwai wanda ba ɗan kamfani ba da ya dawo ya yi rubutu a kan taron wannan shekarar a matsayin abu guda, ba a kan wasa ɗaya da aka nuna a cikinsa ba? Ba girin-girin ba, ta yi mai. Yawan jama'a bai isa ma'auni ba, domin da shi ne da E3 bai kama ƙafar baje kolin wasanni na Gamescom da ake yi a birnin Kolon na Jamus tun 2009 ba, wanda ya tara mutum 373,000 a 2019, ninki biyar da ɗoriya na E3 na wannan shekarar. Gamescom da baje kolin Tokyo, wanda aka fara a 1996, duk sun cancanci muƙalunsu, amma shekaru masu yawa a Los Angeles ake yanke farashi da ranar fitowa, sauran kuma su nuna wa jama'a abin da aka riga aka yanke.

Malam Bakatsine, kwatancinka da kasuwar Kaduna ya yi daidai ga shekarun da ba abin da ya faru, amma ko a can, da a ce wata shekara an ƙulla wani abu da ya sauya kasuwancin ƙasa har masana suka yi ta rubutu a kansa, ai ba za mu hana ta shafi don 'yan'uwanta ba su da shi ba.

Ɗan Zazzau ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamai, kuma Malam Mai Jan Biro babu komai, na ma fi amfana da alamar da ka liƙa fiye da a ce ka wuce ba ka ce uffan ba. Na koma na karanta muƙalar 2018 da idon da kuka ba ni, na ga lallai jadawali ce kawai, kuma na amince a haɗe ta da babbar muƙala.

Amma ina neman a sake duba 2019 bisa ma'aunin Malama. Ita ce shekarar farko tun 1995 da Sony bai halarta ba. Ita ce ta ƙarshe da aka haɗu a zaure. Kuma a watan Agusta na shekarar aka gano cewa bayanan sirri na 'yan jarida da masu watsa shirye-shirye fiye da 2,000 da suka yi rajista, har da adireshin gida da lambar waya, suna zube a shafin masu shirya taron inda kowa zai iya saukewa. Duk waɗannan an yi rubutu a kansu bayan taron, kuma ba daga bakin kamfani suka fito ba. Ashe wannan bai isa ba?

Bakatsine ya sake amsawa:

Malama, na karɓi gyara. Dokar da na so in shimfiɗa ta yi faɗi, kuma 1995 da 2013 sun fi ƙarfin sakin layi guda. Abin da kawai zan roƙa shi ne a fara rubuta su a matsayin sassa a cikin babbar muƙala, idan sashe ya yi nauyin da ya rinjayi sauran sai a yaye shi ya koma shafinsa, a bar taƙaitawa a inda ya tashi. Yaye kafin lokaci shi ke haifar da guntayen muƙalun da ke cika mana gida ba mai waiwayarsu.

Malam Ɗan Zazzau, abubuwa ukun da ka kawo duk gaskiya ne kuma duk masu nauyi ne, sai dai ka lura da cewa babu ɗaya a cikinsu da yake labarin abin da ya faru a zauren 2019; labarin mutuwar E3 ne, kuma wannan mutuwa ba a shekara ɗaya ta faru ba. Tun 2013 Nintendo ya daina babban taron manema labarai a can, ya koma sakin bidiyonsa na Nintendo Direct kai-tsaye ga masu saye. A 2016 kamfanin wasanni na EA ya fice daga zauren ya buɗe nasa bikin a gefe. A 2017 aka buɗe ƙofa ga jama'ar gari da tikiti 15,000, abin da ya cika wurin da mutane amma ya rikita manufarsa, ya zama shi ba taron 'yan kasuwa ba, shi ba bikin 'yan kallo ba. Ficewar Sony ɗaya ce daga cikin wannan jeri. Da annobar korona ta sa aka soke na 2020 a ranar 11 ga Maris, kamfanoni suka gwada yin sanarwarsu ta intanet a lokacin da suka ga dama, ba kuɗin rumfa, ba kuma abokin hamayya da zai hau dandamali bayan awa kaɗan ya kunyata su kamar yadda aka yi a shekaru biyun da Malama ta ambata, sai suka ga babu abin da suka rasa. Geoff Keighley, wanda ya daɗe yana gabatar da shirye-shiryen E3, ya fara nasa Summer Game Fest a wannan shekarar ya gaje makon Yunin da aka saba yin E3 a cikinsa. An soke na 2022, aka ɗauko kamfanin shirya taruka na ReedPop don ya farfaɗo da na 2023, shi ma aka soke shi ranar 30 ga Maris bayan manyan kamfanoni sun ƙi zuwa, sai sanarwar rufewa ranar 12 ga Disamba. Idan ka zare 2019 daga tsakiyar wannan zare ka ajiye ta ita kaɗai, mai karatu zai ɗauka Sony ne ya kashe taron, ko kuwa korona, alhali kowannensu ya tarar da mara lafiya ne a kwance. Gurbin abubuwan da ka lissafa shi ne sashen gangarar ƙarshe, kuma ina ganin shi zai fi kowane sashe daɗin rubutawa.

Mai Jan Biro ya sake amsawa:

Na yarda da wannan tsari, da sharaɗi guda: kada a goge shafukan 2018 da 2019 kwata-kwata, a mayar da su masu tura mai karatu zuwa sashen da ya dace a babbar muƙala, domin tarihin gyaran da Malam Ɗan Zazzau ya yi ya tsira, wanda ya nemi shekarar da sunanta kuma ya samu inda zai sauka. Jadawalin wasannin kuwa a bar shi a baya, kada a kwaso shi.

A kan 1995 ba ni da ja. A kan 2013 har yanzu ina ganin rabin labarin ya faru ne a wajen E3, tunda tun ranar 21 ga Mayu Microsoft ya bayyana na'urar a hedikwatarsa da ke Redmond, ƙorafin ya fara tun daga can, janyewar ma bayan an watse aka yi ta. Idan Malama ta rubuta sashen da majiyoyin da aka wallafa shekaru bayan taron, ba na makon taron ba, zan karanta shi, kuma idan ya tsaya da ƙafarsa ni da kaina zan buɗe masa shafi. Malam Ɗan Zazzau, kafin nan ka fara da sashen 2007 da 2008, domin a babbar muƙalar taka jimla ɗaya tak ka ba su, kuma ka rubuta cewa a Los Angeles aka yi na 2007, alhali a Santa Monica ne.